Su Nawa Suka Shiga, Su Nawa Suka Gama?

Darasi na wannan wata, domin dattawa, da Zumuntar Mata, da malaman Makarantar Lahadi.

Karatu: Luka 15:3-7, Kubawar Shari'a 25:13-16, Daniel 1:3-20.
Aya ta haddacewa: Misalai 11:1.

Gabatarwa

Kowace shekara, sa'anda sakamakon jarrabawar ƙarshen sakandare ya fito, a kan yi murna a gidaje da yawa. Ran Lahadi iyaye su kan kawo baikon godiya, a kira sunan yaro a gaban jama'a, a yi masa addu'a. Wannan abu ne mai kyau, mu ma muna murna tare da su. Amma akwai tambaya guda wadda ba mu cika yi ba a wannan rana. Yaran da suka shiga aji ɗaya tare da shi, shekara shida da suka wuce, ina su ke?

A darasin nan za mu ɗauki ƙasar Andarai, cikin ƙaramar hukumar Maiyama, kudu da Jega, a Jihar Kebbi, mu yi tunani a kanta. Mutanen wurin manoma ne, yawancin 'ya'yansu kuwa makarantar gwamnati su ke zuwa, gama ita ce talaka ya ke iya kai ɗansa. Abin da za mu faɗa a kan Andarai ya shafi Aliero da Jega, ya shafi kowane gari inda wannan jarida ta ke zuwa. Abu ɗaya mu ke so mu koya: lissafin makaranta daga ƙofar shiga a ke fara shi, kuma dole a yi shi da mudun gaskiya.

1. Yadda makaranta ta ke tafiya

Kafin mu nemi lissafi a hannun wani, sai mu san yadda aikin ya ke. A 1976 gwamnatin Nijeriya ta buɗe ilmin firamare kyauta domin kowane yaro. A 1982 aka fara raba karatu kashi huɗu: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a. Ran 30 ga Satumba 1999, a birnin Sakkwato, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin tushe na bai ɗaya, aka kuwa yi masa doka a 2004.

Dokar nan ta ce shekara tara na farko, watau firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne. Uban da ya hana ɗansa, karo na fari a tsawata masa. Karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Bayan wannan Naira 5,000 ko wata biyu. Mu lura, tilas ɗin ya tsaya ne a aji uku na ƙaramar sakandare. Shekara uku na ƙarshe suna wuyan iyaye da yaron kansa, a nan kuwa da yawa su ke zubewa.

A ƙarshen shekara ta shida yaro ya kan zauna jarrabawar WAEC, hukumar da aka kafa a 1952 domin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da Turanci, ko ta NECO, wadda Nijeriya ta kafa a 1999, ko dukansu biyu. A kan ba da maki daga A1 har F9. Daga A1 zuwa C6 shi ne kiredit. D7 da E8 tsira ce kawai, F9 kuwa faɗuwa. Wanda ya ke so ya karanci kimiyya a jami'a, kamar jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a Aliero a 2006, sai ya sami kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Jami'ar nan ba ta da nisa da Andarai, amma hanyar zuwa can ta cikin waɗannan kiredit biyar ta bi.

2. Makiyayi ya san adadin garkensa

Mu buɗe Luka 15. Ubangijinmu ya ba da misalin mutum mai tumaki ɗari, ɗaya ta ɓace, ya bar sauran ya tafi nemanta. Mun saba jin wannan a kan mai zunubi da ya tuba, haka kuwa ya ke. Amma mu tsaya a kan wani ƙaramin abu cikin misalin. Yaya makiyayin ya san ɗaya ta ɓace? Garken tasa'in da tara da garken ɗari, a ido duk ɗaya ne. Ya sani domin ya san adadin da ya fita da su da safe, da maraice kuma ya ƙidaya. Da ya ƙidaya waɗanda suka komo kaɗai, da ya kwana da murna, tunkiyarsa tana bakin kura.

Yanzu bari mu yi lissafi na misali. Lambobin nan namu ne domin koyarwa, ba na wata makaranta ba ne. A ce yara 120 suka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Da aka kai aji uku, saura 90. Waɗanda suka haye babbar sakandare 60 ne. Waɗanda suka kai ajin ƙarshe 45. Aka yi wa 40 rajistar jarrabawa, 30 suka sami kiredit biyar. Shugaban makaranta ya tashi ran taron iyaye ya ce, "Bana uku cikin huɗu na yaranmu sun ci." Aka tafa masa. Bai yi ƙarya ba, gama 30 cikin 40 uku bisa huɗu ne. Amma in muka ƙidaya daga ƙofar shiga, 30 cikin 120 ɗaya ne bisa huɗu. Yara 90 sun ɓace a hanya ko sun faɗi, ba wanda ya ambace su.

Akwai kuma abin da ke ƙara wa lissafin kyau a ido. A waɗansu jihohi, kamar Kano, gwamnati ta kan yi jarrabawar tantancewa tukuna, ta biya wa waɗanda suka ci kuɗin babbar jarrabawa. Waɗansu makarantu kuma su kan ƙi yi wa yaro mai rauni rajista, don kada ya ɓata musu suna. Duk inda aka tace yara kafin ranar jarrabawa, adadin masu ci zai hau, ko da koyarwa ba ta ƙaru da komi ba.

Ina yaran nan su ke tafiya? Mun san amsa, gama a gidajenmu su ke. Yarinya ta kai aji biyu ko uku, aka karɓi kayan aurenta. Yaro ya ga tsaransa ya yi noman rani na albasa ko shinkafa ya sayi babur, shi ma ya ajiye littafi ya nufi fadama. Wani ya tafi ci-rani bayan kaka, bai komo ba sai zango ya yi rabi. Wani ƙauyensu da nisa, ba keke. Wani kuɗin jarrabawa ya gagari ubansa. Akwai kuma tsoro. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai daga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri, cikin wannan jiha. Uwar da ta ji wannan labari, in ta yi nauyin zuciya wajen sakin 'yarta zuwa makarantar kwana, wa zai ga laifinta? Kowane yaro da dalilinsa, kowane dalili kuwa da irin maganinsa. Amma ba za a nemi magani ba sai an san wane ne ya ɓace.

3. Mudu biyu a gida ɗaya

Mu juya ga Kubawar Shari'a 25. A can Allah ya hana mutanensa ajiye ma'auni iri biyu, babba na saye da ƙarami na sayarwa, ya kuma nuna wannan abin ƙyama ne a gare shi. Wanda ya taɓa cin kasuwar Jega ya san zancen. Ya san mudun da aka buga gindinsa ya shige ciki. Ya san buhun albasa da aka jera manya a bakinsa, ƙanana da ruɓaɓɓu suna ƙasa. Mai saye ya kan kai gida kafin ya gane, amma ranar ganewa tana zuwa.

Takardar shaidar makaranta mudu ce. Tana faɗa wa jami'a, da asibiti, da mai ba da aiki, cewa wannan yaro ya san abu kaza. In an rubuta amsa a allo ran jarrabawa, in an tara kuɗi an ba mai tsaro domin ya dubi taga, in an ɗauki yaro an kai shi wata makaranta mai nisa wadda ta yi suna cewa ba a faɗuwa a cikinta, to, an buga gindin mudu ke nan.

Cutar nan ba sabuwa ba ce. A 1977 takardun WAEC suka fita kafin ranar jarrabawa, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike. A 1984 gwamnatin soja ta sa ɗaurin shekara 21 a kan maguɗin jarrabawa. A 1999 aka sake yin wata doka a kansa. Doka a kan doka, abin bai mutu ba, domin tushensa cikin zuciya ya ke.

Kada kuma mu ce halin ƙasarmu ne kaɗai. A Washinton, babban birnin Amurka, akwai makarantar gwamnati mai suna Ballou, a unguwar talakawa. A 2017 aka yi ta yabonta, aka ce dukan yaran da suka gama a shekarar sun sami gurbin karatu na gaba. Kafin shekara ta ƙare 'yan jarida suka duba rajistar aji, suka iske rabin waɗanda aka ba takardar gamawa sun yi fashin makaranta fiye da wata uku ba da izini ba. Waɗansu malamai suka ce an matsa musu su ba da makin ci. Da hukuma ta bincika a 2018, ta iske wajen ɗaya cikin uku na dukan waɗanda suka gama makarantun gwamnati na birnin a 2017 an ba su takarda ba bisa ƙa'ida ba. Dalili kuwa, an riƙa auna shugabanni da malamai da yawan yaran da suka gama. Sa'anda aka ɗaura abincin mutum ga lamba, jaraba ta kan zo masa ya gyara lambar ya bar yaron.

Wannan gargaɗi ne gare mu. In muka je wurin shugaban makaranta muka ce masa, "Mu dai muna so kowa ya ci," ba mu ƙara komi ba, mun tura shi cikin jaraba da hannunmu.

Ko mai riƙe da babban mudu ya kan yi kuskure. A watan Agusta 2025 WAEC ta ba da sanarwa cewa kashi 38 cikin 100 ne kaɗai suka sami kiredit biyar da Turanci da Lissafi, alhali a 2024 kashi 72 ne. Iyaye da malamai suka yi kuka. Bayan 'yan kwanaki hukumar ta fito ta ce an yi kuskure wajen duba wata takardar Turanci, ta roƙi gafara, ta gyara, adadin ya koma kusan kashi 63. Mu koyi abu biyu a nan. Na ɗaya, tambaya tana da amfani, gama da kowa ya yi shiru da dubban yara sun tafi da faɗuwar da ba tasu ba. Na biyu, wanda ya amsa kuskurensa a fili ya gyara, ya yi abin da ya kamaci mai riƙon amana.

Yanzu, 'yan'uwa, bari mu faɗa wa kanmu gaskiya. Cikin masu tara kuɗin nan na ran jarrabawa akwai masu bi. Cikin malaman da su ke rubuta amsa a allo akwai waɗanda su ke jan waƙa ran Lahadi. Mu kan ce, "Kowa yana yi, in ɗana bai yi ba an bar shi a baya." Daga nan mu kawo baikon godiya saboda sakamakon da muka saya. Shin Allah zai karɓi godiya a kan mudun da shi kansa ya ƙi? Mu tuna kuma, ramin ƙarya ƙurarre ne. Yarinyar da aka saya wa kiredit yau, gobe ita ce za ta auna wa jikanmu magani a asibiti. Yaron da bai iya lissafi ba, gobe shi ne malamin lissafi a makarantar garinmu.

4. Daniel ya yarda a gwada shi

A Daniel 1 mun ga samari huɗu cikin makarantar gwamnati, gwamnatin da ba ta san Allahnsu ba. Sarkin Babila ya sa a koya musu harshe da littattafan Kaldiyawa shekara uku. Ba su ƙi makarantar ba, ba su kuwa yi wasa da ita ba. Sa'anda zancen abinci ya taso, Daniel da kansa ya roƙa a gwada su kwana goma a ga yadda za su zama. Da shekara uku suka cika, sarki ya zauna ya yi musu tambayoyi baki da baki, ya iske sun fi sauran nesa. Ba wanda ya raɗa musu amsa. Abin da ke cikinsu shi ya fito.

Mutanen ƙasar Gwandu, inda Andarai ta ke, sun san irin wannan gwaji tun dā. A makarantar allo ta maƙwabtanmu Musulmi, ba a wanke wa yaro allo a ƙara masa sai malam ya ji karatunsa da kunnensa. Mu ma a ajin baftisma ba mu kan wuce da mutum don ya cika kwanaki kawai ba, sai dattawa sun yi masa tambaya. Me ya sa za mu yarda da abin da ya gaza wannan a makarantar boko?

Uban da bai yi boko ba, shi ma yana iya gwada ɗansa. Ba shi Littafi Mai Tsarki ya karanta sura guda a sujadar gida, ya faɗi ma'anarta. Sa shi ya rubuta maka wasiƙa, ka kai wa wani ya karanta maka. In ka sayar da buhu bakwai, ce masa ya fitar da kuɗin dillali da na mota ya faɗa maka abin da ya rage. Yaron da ya kai aji uku na sakandare bai iya waɗannan ba, kada ka jira WAEC ta faɗa maka.

5. Wa zai ba da lissafi?

Kowa da rabonsa.

Gwamnati za ta ba da lissafin malamai, da albashinsu a kan kari, da azuzuwa, da tsaro. Dokar 2004 ta keɓe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin ilmin tushe, amma jiha ba ta samun rabonta na gine-gine sai ta ajiye nata daidai da shi. Hakkinmu ne mu tambayi wakilanmu ko an ajiye.

Shugaban makaranta da malamai za su ba da lissafin rajista da koyarwa. Malami mai bi ya zama na fari a zuwa, na ƙarshe a tashi, ya duba aikin yara, ya ba kowa makin da ya samu. Da yawa cikinsu suna aiki da wahala, aji cike, alli ma wani lokaci daga aljihunsu. Mu girmama su, mu yi musu addu'a.

Iyaye za su ba da lissafin safiya. Yaron da aka aika gona ko kasuwa ranar makaranta, ba malami ne ya yi fashinsa ba.

Yaro kuma zai ba da lissafin lokacinsa, har da sa'o'in da waya ta ke ci.

Ekklesiya fa? Ga abin da mu ke roƙon kowace ekklesiya ta yi kafin wata mai zuwa ya ƙare.

Na ɗaya, a sayi littafi guda, a rubuta sunan kowane yaron ekklesiya da ke sakandare, da ajinsa. Kowane ƙarshen zango a buɗe shi a taron dattawa, a kira suna ɗaya ɗaya.

Na biyu, yaron da ya yi mako biyu ba ya zuwa, a aiki mutum biyu gidansu. In yarinya ce, matan zumunta su je. A je da tambaya da taimako, kada a je da faɗa.

Na uku, a riƙa keɓe wani abu daga baikon kaka domin kuɗin jarrabawar marayu da 'ya'yan gwauraye.

Na huɗu, waɗanda Allah ya ba ilmi a cikinmu su ba da maraice biyu a mako, su koyar da Turanci da Lissafi a ɗakin sujada. In ɗan maƙwabci ya zo, kada a hana shi.

Na biyar, mu riƙa zuwa taron iyaye da malamai, wanda aka zaɓa cikin kwamitin kula da makaranta kuma ya karɓa. Makarantar gwamnati tamu ce tare da maƙwabtanmu Musulmi, damuwarsu a kan 'ya'yansu irin tamu ce. Mu haɗa kai da su, da mai gari, mu yi tambaya uku cikin ladabi: Su nawa suka shiga aji ɗaya shekara shida da suka wuce? Su nawa cikinsu suka zauna jarrabawa bana? Su nawa suka ci da hannunsu? Mu kuma gaya wa shugaban makaranta a fili cewa in adadin ya yi ƙasa amma gaskiya ne, za mu tsaya tare da shi mu gyara.

Wannan na ƙarshe yana da tsada. Wataƙila shekarar da muka ƙi ba da kuɗin maguɗi, ɗanmu zai faɗi, ɗan wani ya ci. Za a yi mana dariya. Amma yaron da ya faɗi da gaskiya ya san inda rauninsa ya ke, yana iya sake zama baɗi. Wanda aka saya masa, an rufe masa ido ga rauninsa, an kuma koya masa tun yana ƙarami cewa ubansa ya fi dogara ga kuɗi bisa ga Allah.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Cikin misalin Luka 15, me ya sa makiyayi ya san tunkiyarsa ta ɓace?
2. Ku ƙidaya yaran ekklesiyarku da suka shiga sakandare shekara shida da suka wuce. Ina kowannensu ya ke yau? Ku ƙidaya 'yan mata daban.
3. In makaranta ta ce kowane uba ya kawo kuɗi domin a "taimaki" yara ran jarrabawa, me mai bi zai yi? Yaya sauran 'yan'uwa za su tsaya tare da shi?
4. Wane abu ne Daniel ya karɓa a makarantar Babila, wane ne kuma ya ƙi?

Addu'a

Mu yi addu'a domin malaman makarantun gwamnati na Andarai, da Maiyama, da Jega, da Aliero, Allah ya ba su ƙarfi da aminci. Mu roƙi tsaro domin yaran da ke makarantun kwana. Mu ambaci sunayen waɗanda suka bar makaranta a cikinmu. Mu kuma roƙi gafara inda mu kanmu muka riƙe mudu biyu, Ubangiji ya ba mu zuciyar makiyayi mai ƙidaya garkensa. Amin.